Gunkin Italiya ya raba ni da Nura

'Yan uwa, yau dutse ya kashe min aure!

Nura, masoyina mai karatu a Italiya, ya kira ni ta bidiyo. Ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, Baba yana gefe kan tabarma.

Ya ce, "Hasken idona, zo mu zaga gidan tarihi tare."

Sai ya juya kyamara. Wani ƙaton mutum na farin dutse, tsirara haihuwar uwarsa! Turawa sun yi cincirindo suna kallo.

Baba ya leƙo. "Innalillahi! Nura, gunki kake ziyarta?"

"Baba, sassaƙa ce kawai, har tikiti na saya."

"Da kuɗinka ma?"

Kafin la'asar Kawu ya ɗaure goron sa rana a babur, ya mayar gidansu Nura a Tofa. Da wayar ƙanwata nake rubutu. Tawa tana aljihun Baba, sai ƙara take.