Ciwon Abokin Surukina

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar surukina, Baba Illa, mahaifin matata Rabi. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in ci gaba da harkokina, amma bana zancensa ya hana ni sakat.

Ƙasarmu ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba lokacin da na fara aikin anfirme, wato ma'aikacin jinya, a asibitin Tawa. Shi kuwa yana wani ƙauye kusa da Bambeye da shanunsa. Rijiyoyin Adar zurfi gare su, shi kuma mutum ne mai taurin kai, bai yarda yaro ya ja masa guga ba. Tsakanina da shi kunya ce irin ta surukai: ba mu taɓa cin abinci akushi ɗaya ba, in ya shigo nakan cire takalmi in durƙusa, idona a ƙasa.

Wata ranar kasuwa ya zo gidana, ya zauna a zaure yana duban bango, ya ce, "Wani abokina na da kumburi nan ga matsematsi. In ya kwanta shi koma, in ya ja guga shi hito. Mi ka kawo shi?"

Na gane abokin tun daga yadda ya zauna. Sai na zana masa a ƙasa. Na ce akwai wata jijiya mai ƙarfi da ta taso daga tsinin ƙashin ƙugu ta gangara zuwa ƙashin gaban mara, a miƙe kamar igiyar shanya. A samanta kaɗan akwai 'yar hanya cikin naman ciki. In wurin ya yi rauni, mutum kuma yana yawan yunƙuri, sai hanji ya kutsa ta nan, shi ne gwaiwa. Aikin ɗinke wurin ba wuya, amma ran da hanjin ya maƙale ya ƙi komawa, rai ne a hannun Allah.

"To wa ka duba mutum can wurinku kahin lokotoro?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya shafe zanen da ƙafa, ya ce zai gaya wa abokin.

Babu hanyar da ban bi ba. Na roƙi wani abokin aikina ya duba shi, Baba Illa ya ce ai ko ina nan ko ba na nan, gidan aikina ne. Na tura Rabi, ya kore ta da wasa. Ƙarshe ya ɗaure wurin da rawani ya koma bakin rijiya. Na ji haushinsa ƙwarai, har yau kuma ban huce ba.

Ran da aka kawo shi a kan amalanke yana amai, ciki ya kumbure tim, ni na tarbe su. Ya juya fuska, ya kamo hannuna da kansa ya ɗora a wurin. Ya ce, "Duba, ɗana." Na lalubo ƙashin ƙugu, na bi jijiyar da yatsa kamar yadda aka koya mini, na tarar da kumburi mai tauri kamar dutse. Lokotoro, babban likitanmu, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hanjin ya riga ya mutu.

Yau ina ganin samari suna zolayar surukansu, suna cin tuwo tare. Da Baba Illa ya gani, da ya ce duniya ta tashi. Ni ma nakan tsuke baki, alhali na san abin da kunyar nan ta ci mana. Ita ce ta sa bai taɓa ɗaga mini murya ba, ita ce kuma ta kashe shi, na rasa yadda zan raba biyun.

Da damina ta bana na ɗaga buhun gero, na ji abu ya fito mini a matsematsin dama. Ban buƙaci kowa ya gaya mini sunansa ba. Likitan da ke irin wannan aiki a nan kusa kuwa mijin autata ne. Na ce wa autar zan tafi Yamai a yi mini can, in an gama girbi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Baba, kai ma?"