Hannun da ke Ƙarƙashin Kyanwa

Shekara ashirin da biyu Gaspard Vauthier ya yi yana zagayawa da baƙi a ɗan gidan zane-zanen garinsu. Mutum ne mai son a ce ya sani, kuma ba laifi, ya sani ɗin. Zanen da ya fi son tsayawa gabansa na wata mata ce mai shuɗiyar riga da jar kyanwa a cinya, aikin masu dangwala fenti ɗigo-ɗigo na ƙarshen ƙarni na sha tara.

Bayaninsa ɗaya ne kullum. "Kada kyanwar nan ta ruɗe ku. Mai zanen ja yake nema ya rage kaifin shuɗin. Da tumatir ne a kusa, shi zai ɗora mata." Baƙi su yi dariya, shi kuma ya gyara wuyan riga.

Bara mahaifiyarsa Léonie ta faɗi ta karye a ƙugu, ya kai ta gidan kula da tsofaffi. Gidan ba ya karɓar dabba, matarsa kuma gashin kyanwa na sa ta atishawa. Sai ya ɗauki kyanwarta Biscotte, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana kwana a ƙafafun tsohuwar, ya miƙa ta gidan dabbobin da ba su da mai su. Ya ce wa mahaifiyar maƙwabciyarta Odile ce ta karɓa. Tun ranar abin yake cin sa.

Wata Lahadi ya turo mahaifiyar a keken marasa lafiya ta ga wurin aikinsa. Gaban zanen ya fara karatun da ya saba.

"Rufe min baki da zancen tumatir," in ji ta. "Matsar da ni kusa."

Ta daɗe tana kallo.

"Shekara nawa kana nan ba ka ga hannunta ba? Ba shafa ta take ba. Ta cusa shi ƙarƙashin ƙirjin kyanwar ne, tana jin bugun zuciya. Wannan matar ba kowa a gidanta."

Gaspard ya duba. Yatsu huɗu sun nutse cikin jan gashin, inda ya daɗe yana ɗauka inuwa ce. Kunya ta rufe shi.

"Odile ta zo gaishe ni ranar Talata," ta ce, idonta na kan zanen.

"Mama..."

"Ban tambaye ta labarin Biscotte ba. Ban so ta ji kunya a madadinka." Ta gyara mayafin cinyarta. "Abu ɗaya za ka gaya min. Waɗanda ka kai wa ita, ka ba su bargonta? Ba ta iya barci sai da shi."

Bargon yana bayan motarsa, a naɗe, wata bakwai ke nan.