Ɗinkin Leɓen Ƙanwata

Da tsagaggen leɓe aka haifi ƙanwata, tsagar ta kai har gindin hanci. Tun tana ƙarama ta koyi cizon gefen mayafi don ta rufe bakinta, makaranta kuwa ta ƙi ta ƙememe saboda tsokanar yaran layinmu a Kafanchan. Babu wanda ya tsokane ta ban kai shi ƙasa ba, sai dai dambena bai rage mata komai ba.

Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Kagoma, ita ta kawo labarin cewa likitocin ɗinki sun sauka a asibitin mishan, kuma ba daɗewa za su yi ba. Lokacin ba a jima da rikicin garin ba, wasu ko gaisuwa ba ta haɗa su, amma ita ba ta fasa shigowa gidanmu ba. Ta ce wa Baba da irin tata Hausar, "Alhaji, ka kawo yarinya nan, zai warke da ikon Ubangiji."

Baba ya kafe. A ganinsa ɗinki canza halittar Allah ne, kuma da gaske tsoron zunubi yake ji, ba rowa ba ce. Duk da haka na ji haushinsa, har na daina kai masa abinci rumfarsa ta yadi. Da ƙyar Inna ta lallaɓa shi ya je ya tambayi malaminsa, ta haɗa mu da shi, ni da ƙanwata.

Malam ya sa ta saki mayafin, ya tambaya ko ruwa na zubo mata in tana sha. Na riga kowa amsawa, na ce yana zubowa. Sai ya ce abin da shari'a ta hana shi ne a taɓa lafiyayyar halitta don ado kawai, amma gyara lahanin da ke cutar da mutum magani ne, ya halatta. Baba ya fara wata magana, Malam ya ƙura wa kumatunsa ido, inda zanen gidansu yake tun daga aikin wanzami.

"Alhaji, wannan zanen fa, da shi aka haife ka?"

Baba ya shafa fuskarsa. Malam ya yi dariya ya ce ba laifinsa ba ne, yana jariri aka yi masa. Amma lafiyayyar fata aka tsaga bai taɓa zuwa tambaya ba, sai yau da za a haɗa wadda ta tsage.

Washegari Baba da kansa ya ɗora ƙanwata a babur, nas ɗin na gaba a kan wani. Da aka cire zare, tabo ne siriri ya rage, kamar an ja layi da allura. Na yi kuka don daɗi, ban ɓoye ba.

Ranar Litinin ita ta tashe ni daga barci, mayafinta a kafaɗa, wai in yi sauri za mu makara.