Ƙafafun Minista

Ba wayo ne ya shigar da Wendelin Hrubek gidan basarake Graf Tessenau ba, don ko shi bai taɓa iƙirarin yana da shi ba. Ƙafarsa ce ta zo daidai da ta maigidan, ministan Kaisa, sarkin ƙasar. Manyan Vienna kuwa ba sa barin sabon takalmi ya ci musu dunduniya. Baran gida ake bai wa, ya taka har fatar ta yi laushi. Tun yana saurayi aka ɗauko shi daga ƙauye, ya yi ta yawo a tsakar gida da takalman da ba nasa ba, har furfura ta fara leƙowa.

"Ga rabin minista nan!" in ji Resi mai girki kullum. "Daga idon sawu zuwa ƙasa, ranka ya daɗe."

"Yi ta dariya, tsohuwa. Bana zan tafi."

"Bara ma bana ka ce."

Wannan karon da gaske yake. Ludmila mai wanki za ta koma ƙauyensu, ta ce in yana son aure ya biyo ta kafin sanyi, ita ta gaji da jiran ƙafar wani.

Sai ga ciwon yawan cin nama da shan giya ya kama Graf. Ƙafafunsa suka kumbura suntum, ko safa ba ya so ta taɓa su. Wendelin ya sa hularsa ta coci, ya je gaban uwargida da murnarsa.

"Ranki ya daɗe, tunda maigida ya daina sa takalmi, a sallame ni."

"Wa ya ce maka ya daina?" Ta rufe ƙofa. "In fada ta ji ba ya iya tsayuwa gaban Kaisa, kujerar ta tafi, auren 'yata ya bi ta. Barorin maƙwabta suna leƙen abin da ake gogewa a gidan nan. Kowace safiya dole su ga takalmi da laka, su ɗauka ya fita. Kai kuma da ka san wannan, ina za ka?"

Ludmila ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai. Wendelin yana bayan barga a lokacin, sanye da takalman maigida, yana neman inda ruwa ya kwanta. Resi ta leƙo ta taga, ta buɗe baki, sai ta koma kan tukunyarta.