Ranar da Yara Suka Yi Mini Zuma a Bakin Gada

Shekarun baya, tun sojoji na riƙe da ƙasar nan, na daɗe ban tsallaka kogi ba. Mu a Alsawra muke, cikin Omdurman, kuma duk wanda ya san garin ya san ba ka zuwa Khartum ko Bahri sai ka hau gada. To ni gadar ce ta gagare ni. Na ce bari yau in ba ku labarin, don jiya wata mata ta tambaye ni a cikin hafila, wato motar haya, ko lafiyata ƙalau, ganin na toshe kunnuwa ina gurnani ni kaɗai.

Ga asalin abin. Na gama sakandare ke nan, mahaifiyata ta aike ni Alhilla Kuku, can tsallaken kogi, gidan yayata, wadda ke da tsohon ciki tana kwaɗayin mangwaro. Yayana namiji ya rako ni. Muna isa bakin gada aka tare motar. Kasha muke ce wa abin: a sauke samari, duk wanda ba shi da shaidar ya yi hidimar soja a jefa shi cikin lori. Yayana ya ɗora mini ledar mangwaron a cinya ya sauka. Ta taga na ga an tura ƙeyarsa. Ban san yadda na dawo gida ba. Na dai tsinci kaina tsaye a tsakar gida rungume da mangwaro, mahaifiyata na girgiza ni tana cewa, "Ina ɗan'uwanki? Ke, ina ɗan'uwanki?"

Alhamdulillahi ya dawo. Bayan watanni ya shigo mana da ƙwal-kwabo, ya rame, ya yi baƙi, yana tambayar ko akwai kisra, wainarmu ta dawa, da miya. Ba a jima ba ya samu aiki a wani gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, kullum yana hawa gada safe da yamma yana waƙe-waƙensa. Wanda aka kama ya warke, ni da ko hannu ba a ɗora mini ba ni ce na kwanta jinya. Da motar da nake ciki ta doshi gada sai tafin hannuna ya jiƙe, in hau bugun ƙofa ina cewa a sauke ni. Yayata ta haihu ban je suna ba. Yarinya ta fara zama, ta fara rarrafe, ban taɓa ganin ta a ɗakin uwarta ba. Har yayata ta aiko mini cewa in dai ba zan zo ba, to kada in ƙara aiko mata da gaisuwa a bakin mutane. Wannan maganar ta yi mini ciwo, don gaskiya ta faɗa.

Mahaifiyata kuwa ba ta iya lallashi ba. "Kakanki da ƙafa ya tako daga ƙasar Hausa zai tafi Makka," in ji ta, "ya ratso Chadi da jakinsa. Ke kuma gada ta ƙarfe, ana tuƙa ki kina zaune, ita ce ta fi ƙarfinki."

Don kada zaman gida ya ƙarasa ni, sai na nemi aiki a wata rawda ta unguwarmu, wato makarantar ƙananan yara, wadda da ƙafa nake zuwa. Aka ba ni ajin 'yan ƙanana. Aikina share majina, raba faɗa a kan kujera, da neman takalmi wari ɗaya.

A nan na haɗu da wata tsohuwa Ba'indiya, aminiyar shugabar makarantar. A Omdurman aka haife ta, mijinta yana sayar da yadin tob, lulluɓin matan garin nan, a kasuwa, Larabcinta ya fi nawa fita. Yara suna ce mata Habboba, wato kaka, mu ma muka bi su. Duk Alhamis takan zo da safe a shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya ta koya wa yara yoga. Shugabarmu ta ce wa iyaye motsa jiki ne, kuma shi ɗin ne. Da na ba mahaifiyata labari ta ce, "To, ku dai kada in ji an ce kun yi wa rana sujada." Na ce mata babu rana a ciki, kyanwa ce da kunkuru da bishiya. Ta ce wannan kuma sai a makarantar zamani.

Da farko ni a gefe nake tsayawa ina gadin takalma. Yara su ranƙwafa su gantsare kamar kyanwa, su dunƙule kamar kunkuru, su tsaya a ƙafa ɗaya su ɗaga hannu wai bishiya. Wanda ya faɗi ya ƙyalƙyale da dariya ya miƙe. Habboba ba ta taɓa cewa wane ya fi wane ba. In yaro ya ce, "Habboba, na faɗi," sai ta ce, "Madalla, ƙasa tana nan ashe. Tashi ka zaɓi abu ɗaya ka zuba masa ido."

Wata Alhamis ta juyo ta dube ni ta ce, "Ya bitti, 'yata, wa yake bin ki?"

Na waiwaya. Babu kowa.

"Numfashinki nake nufi. A nan yake tsayawa," ta dafa wuyanta. "Kamar mai gudu. Ajiye takalman nan, babu mai sace su, wari ɗai-ɗai ne."

Haka na shiga sahun yara da girmana. Bishiyata ta farko ba ta yi albarka ba. Na ɗaga ƙafa, na yi tangal-tangal, na tafi da baya na zauna daɓas kusa da randar ruwa, moɗa ta faɗo mini a ka. Ranar har mai gadi sai da ya leƙo don jin dariyar yara. Wata 'yar baƙa mai giɓi, wadda ta fi kowa baki a ajin, ta zo ta dafa kafaɗata ta ce, "Ustaza, ƙasa tana nan ashe." Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta.

Amma abin da yara suka fi so shi ne na ƙarshe, kukan ƙudan zuma. A zauna a harɗe ƙafa, a rufe ido, a toshe kunnuwa da yatsu, a ja numfashi har ciki, sannan a sake shi a hankali baki a rufe ana "mmmm" har ya ƙare. Za ka ji kanka yana kaɗawa, haƙoranka suna ƙaiƙayi, duniya ta yi nisa. Yaran ajina suka mayar da shi dokarsu, ba wanda ya sa su. Da yaro ya fara kuka, ko don an ƙwace masa fensir ko don uwarsa ta tafi, sai ka ji an ce, "A yi masa zuma!" Su kewaye shi su toshe kunnuwa su hau gurnani. Mai kukan yakan yi turus, ya leƙa wannan ya leƙa wancan, can sai ya sa nasa yatsun a kunne.

Ana cikin haka shugabarmu ta ce za a kai yara wajen wasa na Mugran kafin hutu. Mugran kuwa Khartum ce, daidai saukar gada. Na same ta a ofis na ce ba ni da lafiya. Ta ce, "Tafiyar sai mako mai zuwa, tun yanzu kika san ba za ki warke ba?" Sai na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Yaranki ba sa bin kowa sai ke. In ba ki je ba, ajinki ba zai je ba. Ki zaɓa." Yaran kuwa tuni sun gama rabon wanda zai hau lilo da wanda zai hau doki mai juyawa.

Ranar tafiya na sa farin tob na zauna a kujerar gaba kusa da ƙofa, wai don in abin ya taso in samu wajen fita. Direbanmu dattijo ne mai carbi rataye a madubi. Shugaba da Habboba suna can baya da manyan aji. Yara na waƙa suna buga kujeru. Ni kuwa tun daga kasuwa nake karanta duk abin da na haddace.

Muna zuwa bakin gada na hango gangunan da sojoji suka gitta a hanya. Na hango lori.

Direba ya rage gudu ya tsaya. Wani soja ya buga ƙofa da tafin hannu ya hawo, bindiga rataye a kafaɗa. Ni ce mutum ta farko a gabansa. "Ina za ku?" ya ce. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Hawaye suka cika mini ido, na ji nauyin ledar mangwaro a cinyata alhali babu komai a kai. Ya sake tambaya, da ƙarfi wannan karon: "Ya ustaza, da ke nake!"

Sai na ji muryar mai giɓi daga bayana, tsit-tsit kamar usur: "Ustaza za ta yi kuka! A yi mata zuma!"

Jama'a, motar nan gaba ɗaya ta ɗauka. 'Yan ajina suka fara, manyan aji suka karɓa. Yara cike da hafila, ido a rufe, yatsu a kunne, "mmmm", har gilashin taga yana rawa. Wani ƙaramin hannu ya kama yatsana ya tura mini cikin kunne, saura kaɗan ya tsone mini ido. Ban yi shawara ba, jikina ne ya bi abin da ya saba yi duk Alhamis. Na ja numfashi, na ji ya wuce wuya ya sauka ciki. Na sake shi.

Da na buɗe ido sojan yana nan tsaye, baki buɗe. "Wannan kuma mene ne?" ya ce.

Mai giɓi ta buɗe ido ɗaya. "Janabu, ranka ya daɗe, yi shiru, ba mu gama ba."

Direba ya kifa kai a sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Sojan ya cije leɓe, ya kasa, ya fashe da dariya, har ya leƙa ta ƙofa ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gani. Sai a lokacin na dube shi sosai. Yaro ne. Kansa a aske, wuyansa siriri cikin kakin da ya yi masa yawa, kamar yadda yayana ya dawo mana. Da gurnanin ya lafa ya sake tambaya, a hankali, ina za mu. Na ji wata murya ta ce, "Mugran, janabu. Yara za su hau lilo." Muryata ce. Tana rawa, amma tawa ce.

Wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaye shi ko ya iya tsayawa a ƙafa ɗaya. Ya ce ya iya, amma ba yau ba. Ya sauka ya bugi gefen mota, aka ja ganga.

Muka hau gada. Na tuna maganar Habboba, na zaɓi abu ɗaya na zuba masa ido: wani kwale-kwale can ƙasa, mai shi yana jan raga. Ban ɗauke ido ba sai da taya ta taka ƙasar Khartum. Da muka sauka Habboba ta zo ta wuce ta gabana tana dogara lema, ba ta ce mini sannu ba, ta ce, "Wancan yaron ya cire takalminsa a mota, je ki nemo." Ranar na hau lilo tare da yara, farin tob ɗina ya koma ruwan ƙasa, na sha ƙanƙara har haƙorana suka mutu.

Juma'ar da ta biyo na sayi mangwaro leda guda na shiga hafilar Alhilla Kuku ni kaɗai. Yayana ya ce zai raka ni, na ce ya zauna, rakiyarsa ta farko ta ishe ni. Na bi ta gadar da aka sauke shi, yatsuna a kunne tun daga hawa har sauka. Da na yi sallama yayata ta fito da ludayi a hannu. Ta dube ni, ta dubi ledar, ta ce, "Mangwaron da aka aiko ki da shi ne sai yau ya iso? Ai mai kwaɗayin ta haihu, 'yar ma har tana tafiya." Sannan ta yar da ludayin ta rungume ni, muka yi ta kuka muna dariya a bakin ƙofa. Yarinyar ta leƙo ta bayan uwarta, ta ga baƙuwar fuska, ta ɓare baki. Na durƙusa na toshe kunnuwa na yi mata zuma. Ta yi shiru tana kallon wannan mahaukaciyar ƙanwar uwar tata.

Ba zan ce muku na warke sarai ba. Har gobe in na hango ganga a gitte ko na ji an bugi ƙofar mota, gabana yana faɗuwa, kuma ko yanzu da nake rubuta wannan tafin hannuna a jiƙe yake. Ba kuma zan ce dariyar soja ɗaya ta wanke abin da aka yi wa samarin da aka sauke a bakin gadojin nan ba. Abin da na samu ƙarami ne. Na ga yadda yara ke yi da mai tsoro: ba sa ce masa ya daina, ba sa tuna masa jarumtar kakansa, matsowa suke yi su zauna kusa da shi su yi numfashi tare har nasa ya dawo.

Matar jiya da ta tambaye ni ko lafiya, da na yi mata bayani sai ta ce ita ma ba ta son gada. Muna hawa na ga ta faki ido ta sa yatsa ɗaya a kunne ta ƙarƙashin tob. Na matsa kusa da ita, muka tsallaka muna gurnani mu biyu.