Tonkar Inna a Ɗakin Leda

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka abin yake a wajenmu, ƙasar Gobir: uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira ido da ido, ba ta yi masa gardama a fili. In tana son in ci abinci, sai ta ajiye kwano ta ce wa iska, "Ga tuwo nan in da mai ci." In na yi laifi, akuya ko kaza take yi wa faɗa, ni kuma in tsaya gefe ina saurare. Maganar da ta fi ƙarfin kaza, sai ta faɗa wa ƙanwata, autarmu, ita ta kawo mini. Ban taɓa ganin aibin wannan ba, har alfahari nake yi da shi a gaban abokan aikina.

A bayan ɗakinta, a ƙauyenmu da ke gefen Sabon Birni, Inna tana da ɗan lambu da aka kewaye da kara, kusa da rijiyar gida. Tana shuka yakuwa da alayyafo da kuɓewa, amma abin da ta fi ji da shi wani barkono ne, wanda mu nan muke ce wa tonka. Irin ta zo da shi daga gidan uwarta, can tsallaken iyaka, tun lokacin da aka kawo ta gidan babanmu. Gajere ne, mai ƙiba, jansa ya yi duhu, ba shi da zafin da zai sa mutum hawaye, amma in ana daka shi har masu wucewa a waje sun san a gidanmu ne. Na ci abinci a garuruwa da yawa, ban taɓa cin irinsa ba.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Gulbi ya koma rairayi. Rijiyarmu sai da aka ƙara mata igiya sau biyu, kuma guga yana fitowa rabinsa laka. Maza suka watse ci-rani, ƙauye ya zama na tsofaffi da mata. Shekarar farko iska mai zafi ta ƙone renon tonkar tun yana ganye biyu. Shekara ta biyu ya kai dashe, ruwa ya gaza, ya mutu bai yi fure ba. Abin da ya rage wa Inna a duniya na wannan iri bai cika tafin hannu ba, tana ajiye shi cikin toka a wata 'yar gora.

Lokacin ina koyarwa a makarantar firamare a Isa. Aka tura mu kwas Sakkwato, aka kai mu wata gona ta nuni, a nan na fara ganin ɗakin leda. Ƙarafa ne aka lanƙwasa aka lulluɓe da farar leda, a ciki tumatir ya yi shar kamar tsakiyar damina. Wani ma'aikaci yana bayani da Turanci, ina can baya, rabi na ji. Abin da na kama shi ne ledar tana riƙe danshi, ruwan da ka ba shuka ba ya gudu. Na ga ɗigon ruwa a jikin ledar ta ciki da idona. Na kuma ga an sa raga a gefe da gefen ɗakin, ta ko'ina iska tana shiga, sai na ce a raina leda ce ta ƙare musu suka cike da raga, aikin gwamnati ke nan. Ban tambaya ba. Ni malami ne, ba na son a gan ni ina tambaya a gaban malamai.

Na sayi leda, na sa mai walda ya lanƙwasa mini rodi, na ɗora a saman mota har gida. Albashina ya ji jiki, amma ban damu ba. Kwana biyu na yi ina kafawa a lambun Inna. Nawa ɗakin ba irin na gwamnati ba ne, ban bar ko kafar allura ba. Na binne bakin ledar a ƙasa ta kowane gefe, na yi ƙofa ɗaya da ake dannewa da duwatsu. Tsofaffin unguwa suka zo kallo, wani ya ce, "Malam, wanga ɗaki wa za shi kwana ciki?" Aka yi dariya, na ce su jira su gani.

Auta ta zo daga Kamarawa inda take aure, ta wurinta na nemi irin. Inna ta aiko da rabi. Raina ya ɓaci. Na ce a koma a karɓo sauran, iri ya riga ya shekara biyu a gora, in ya ƙara ɗaya ba zai tsira ba. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ita ta sa na faɗe ta ba. So nake fangalin da na shirya a cikin ɗakin ya cika, masu dariya su gani.

Ina jin Inna daga ɗaki tana cewa, "Ce ma yayanki ni ban taɓa shibka shi duka ba."

Na ce, "Ce ma Inna da can ba ta da ɗakin leda."

Can sai ga auta ta fito da gorar gaba ɗaya, ta miƙo mini ba ta dube ni ba.

Na yayyafa irin, na ba shi ruwa, na rufe. Ranar da zan koma Isa na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya, irin yadda Inna take yi in tana magana da ni, na ce, "Da asuba a ɗaga a ba shi ruwa a rufe. Ban da wannan kada kowa ya buɗe, ko wane ne." Auta ta riga ta tafi. Daga ni sai Inna a gidan, sai kaji.

Ƙarshen sanyi ne, kuma abin ya yi kyau fiye da yadda na zata. Tsiro ya fito cunkus. Rabin guga yana isarsa kwana biyu, a shekarar da mata suke kwana a layin rijiya. Da ina zuwa gida ne in an yi albashi, wani lokaci ma in tsallake, amma yanzu kowace Juma'a ana tashi daga makaranta ina tasha. Kafin in gaida kowa sai na leƙa ɗakin. Wata safiya na tarar da Inna a durƙushe a bakin ƙofar tana ƙirga ganye da yatsa, da ta ji motsina ta miƙe ta ce wai tsintsiya take nema.

Da bazara ta fara leƙowa, wata Asabar da hantsi ina zaune a gindin darbejiya, Inna tana watsa wa kaji dusa. Sai na ji ta ce wa wata kaza, "Ke ko, in anka ruhe ki cikin tukunya da rana tsaka, kina kai la'asar?"

Na gane sarai da ni take. Da na tashi a lokacin na shiga ɗakin nan da rana, da na ji abin da take nufi a jikina, don ni kullum da safe ko da yamma nake shiga. Amma na ji haushi. Na dubi kazar na ce, "Ke kaza, kin yi kwas Sakkwato?"

Inna ta kaɗe ƙwaryarta ta shiga ɗaki. Na yi maganganun banza da yawa a rayuwata, amma wannan ce har yau in na tuna nake jin kamar in nutse.

Sati na gaba aka fara jarrabawa, ga makin takardu, ga cike sakamako. Juma'a biyu ban je gida ba. A cikin kwanakin nan zafi ya sauko gaba ɗaya. Ina zaune a aji ƙarƙashin rufin kwano, rigata ta jiƙe sharkaf, ina fifita da littafi ina tsine wa wanda ya gina aji da 'yan tagogi. Ko sau ɗaya tunanina bai je kan ɗakin da na gina ba taga ba.

Ranar da na dawo, tun daga ƙofar lambu na ga an ɗora zana biyu a saman ledar, an shimfiɗa zannuwan Inna guda uku a kai, duk da alamar an sha jiƙa su. Na janye duwatsun na ɗaga ƙofar. Tururi ya buge ni a fuska, da warin dafaffen ganye, irin na rama in an sauke ta daga wuta. Tsiron duk ya kwanta, ya yi baƙi-baƙi, ya manne da ƙasa. Na durƙusa ina tona fangalin da yatsu ko akwai saiwa mai rai. Na tone shi daga wannan gefe zuwa wancan, babu ko ɗaya.

Na fito ina huci, na yi abin da ban taɓa yi ba, na tsaya a kan Inna na ce, "Mi yah hana a buɗe? Ana gani yana mutuwa, mi yah hana a buɗe?"

Tana madafa, ta ba ni baya. Ta gyara itace a murhu ta ce, "Cewa anka yi kada a buɗe."

Washegari auta ta zo, ita ta ba ni labarin abin da ya faru, yadda Inna ta faɗa mata. Da ganyen ya fara laushi, Inna ta riƙa ɗebo ruwa tana jiƙa zannuwa tana rufa wa ledar, ruwan da za ta yi wanka da shi. Da ta ga abin ba ya yi, ta yafa mayafi ta taka har tasha a Sabon Birni, tsohuwa, cikin wannan rana, don ta ba direban Isa saƙo. Direban baƙo ne. Ta ce ya gaya wa malamin makaranta ana biɗar shi gida. Ya ce, "Inna, malamman makaranta Isa ai suna da yawa. Mi as sunanai?" Ta tsaya. Ya sake tambaya, mota ta cika, fasinjoji suna jira. Ta ce ya bar shi kawai, ta juyo. Bayan kwana biyu ta sake komawa, ta tarar da direban nan dai, ta tsaya daga nesa har motar ta tashi.

Na ce da auta ai da Inna ta sa wani ya faɗi sunan. Ta ce, "Yaya, ta tsaya cikin tasha ta ce ma mutane aikin ɗanta na hwari ya ɓaci? Kai ka san Inna."

Na san ta. Na zauna a kan turmi. Babu wanda zan yi wa faɗa, kuma babu abin da zan gyara.

Na nemi irin nan kamar mahaukaci. Na bi kasuwar Isa, na bi ta Bafarawa a kan mashin, na bi ta Sabon Birni rumfa rumfa ina shinshina barkonon mutane har ana yi mini kallon taɓaɓɓe. Da hutu na tsallaka iyaka zuwa ƙauyen su Inna. Na tarar rabin gidajen a rufe, dangin sun yi kudu, wata tsohuwa da ta rage ta ce nasu ya ƙare tun farin farko, har tana shirin aikowa a roƙi na Inna. Duk abin da na samo mai kama da shi sai in kawo in ajiye a bakin ɗaki. Inna ta ɗauka, ta fasa ɗaya, ta kai hanci, ta ce, "Allah shi yi albarka," ta zuba a kwandon cefane.

Yanzu mutane sukan tambaye ni ko ɗakin leda ya cancanci a saya don lambun gida, tun da an san na taɓa yi. Nakan ce a ƙasarmu inuwa shuka take nema, in za ka saya ka sayi mai raga, ka kuma tambayi wanda ya sani. Iyakar abin da nake faɗa ke nan, sauran ba na kasuwa ba ne.

Ledar ta yi wata biyu a tsaye, na kasa taɓa ta, har rana ta cinye ta ta fara yagewa da kanta. Ranar da na zo kwance rodin, Inna tana zaune a inuwar katanga tana tsince wake a faifai. Ina cire ƙarfe na ce, ba tare da na juya ba, "Da an yaga ta. Ko da wuƙa. Ai da na yi fushi na kwana guda na huce."

Ta tsame wata tsakuwa daga faifan ta jefar. Sannan ta ce wa waken da ke gabanta, "Tun da anka kahwa ta, kowace Juma'a ana zuwa gida."

Na tsaya da rodi a hannu. Na so in ce mata wani abu, amma shekara talatin da wani abu ban koyi yadda ake yi mata magana ba. Na ci gaba da cire ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, na jingina su a katanga, ita kuma tana tsintar wakenta.