Kawu Ya Zaɓi Sabbin Wilinsa, An Sauke Ni a Dayi

Jama'a, yau an auna ni da buhun masara, kuma masara ta yi nasara!

Kun san tsohuwar a-kori-kurar Kawu Sale, wadda ta girme ni. Jiya ya sa mata sabbin wili masu ƙyalli a Funtuwa. Masu faɗi ne, har tayoyin sun leƙo waje da jikin motar.

Da safe muka loda masara a ƙauyenmu muka nufi Malumfashi, ni ina zaune a kan buhuna. Nauyi ya sa motar ta zauna. Muna faɗawa ramin farko sai ƙiiii! Sitiyari ya fizge, saura kaɗan mu shiga gonar dawa. Ga ƙaurin roba!

Kawu ya ce, "Innalillahi! Mahassada sun yi mata baki!"

Muka tsaya a Dayi wajen Malam Iro mai faci. Ya leƙa ya ce, "Alhaji, ba baki ba ne. Wilin nan ya turo taya waje, da kaya ya danne sai ta riƙa gogar madigadi. Ko ka mayar da tsofaffin, ko ka rage nauyi."

Kawu ya dubi wilin. Ya goge ɗaya da hannun riga. Ya dubi masara. Sannan ya dube ni.

Na ce, "Haba Kawu!"

Ya ce, "Ɗana, masara ba ta iya hawa acaɓa."

Wallahi ina sauka motar ta wuce lafiya lau, ko ƙiii babu. Wa ke kusa da Dayi da babur?